Ranar da Baba Ɗiga Ya Cika Tanki

Sunan da ubansa ya raɗa masa ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Tun daga gidan man da ke bakin kasuwa har ƙofar makarantar da yake kai yara, Baba Ɗiga kowa ke ce masa, shi ma ya gaji da ɓata rai ya koma amsawa. Asalin sunan ba ɓoyayye ba ne. Duk lokacin da ya tsaya shan mai, sai ya sauke gilashi, ya miƙa ɗan abin da ke hannunsa, ya ce, "Ɗiga min kaɗan." Mai ba da mai ba ya gama gyara tsayuwa zai zare bututu. Allurar gejin motarsa kuwa ta kwanta a kan ja tun tana ɗan motsi har ta saba da wurin.

Masu cewa rowa ce rabin labarin suka sani. Yana saurayi ya yi tuƙin motar wani mutum, kullum da yamma ya kai masa balas, wato kuɗin aikin ranar. Wata rana aiki ya yi kyau, sai ya kwashe duk abin da ya rage masa ya cika tanki fal, don ya wayi gari ba fargaba. Da ya kai motar gida, mai motar ya karɓi makulli, ya ce ƙanin matarsa ya iya tuƙi, daga gobe shi zai riƙa ja. Yana tsaye yana kallo aka shige da motar, da mansa a cikinta. Bai yi faɗa ba, don shi ba mai faɗa ba ne. Ya dai taka da ƙafa har gida, kuma tun daga ranar bai sake yarda ya zuba wa gobe komai ba.

Da Allah ya ba shi tasa motar, ta hannu ce, doguwa mai faɗin baya, shuɗiya a wancan lokacin. Da safe ya kwashi yaran unguwa zuwa makaranta, da hantsi ya ɗauki kayan matan kasuwa, da azahar ya koma ya kwaso yaran. Hannun ɗaga gilashi guda ɗaya ne ya rage a motar, shi ake miƙawa daga ƙofa zuwa ƙofa idan hadari ya taso. Ba gangarar da bai sani ba a garin, kuma duk wadda ya hau sai ya zare giya ya bar motar ta sulala da kanta, yana murmushi kamar wanda ya tsinci kuɗi. Da wannan motar ya ciyar da gida, ya kai 'ya'ya makaranta, ya aurar da na aurarwa. A bayan ɗakinsu ya fara ginin wani ɗaki, bango ya kai kafaɗa ya tsaya, shi kuma yana sayen kwanon rufi ɗaya bayan ɗaya yana jinginewa a lungu. Har ginin ma ɗiga masa yake yi.

Matarsa kuwa Fasinja yake ce mata, don a mota ya fara ganinta, ta shigo da ƙullin yadi tana yi masa gardamar kuɗin mota. Tela ce, ta yi shekaru a kan keken ɗinki a bakin taga, har ƙugu ya kama ta ya hana ta taka keken, daga baya ya hana ta doguwar tsayuwa ma. Mace ce mai haƙurin da ke ba mutum haushi. Idan an ba ta kaɗan sai ta yi godiyar mai yawa, shi ya sa mijin bai taɓa gane kaɗan ɗin yake bayarwa ba. Yana son ta, wannan ba wanda zai musa, amma son ma a ɗige yake fitowa: kalma ɗaya yau, ɗan lemo a leda wani makon.

Abu ɗaya ta taɓa roƙonsa fiye da sau ɗaya, ya kai ta wurin yayarta. Uwarsu ta rasu tana rarrafe, yayar ce ta goya ta, ta yi mata wanka, ta koya mata riƙe allura. Aure ya kai yayar wani gari mai nisa, tafiyar yini guda cur a mota. Tana da ƙafa takan shiga motar haya jefi-jefi ta je, amma tun da ƙugun ya kama ta ba ta iya hawa babbar mota, balle ta zauna a matse daga safe zuwa yamma. Motar mijinta ce kawai za ta iya kwanciya a bayanta, a tsaya mata inda ta ce. Duk lokacin da ta tayar da maganar, amsarsa ɗaya ce.

"Bari dai in cika tanki, Fasinja. Tafiya irin wannan ba a yin ta da ɗigo."

Maganar ta zama abin wasa a gidan. Idan ƙaramar 'yarsu ta tambaya yaushe za a saya mata sabon takalmi, sai yayyenta su ce ranar da Baba ya cika tanki. Ita ma yayar, duk lokacin da ta bugo waya, bayan gaisuwa sai ta ce, "Ba ni mijin nan naki. Kai mai ɗigo, tankin ya cika kuwa, ko sai na mutu?" Shi kuma ya yi dariya ya ce, "Saura ƙiris, Yaya." Kowa ya yi dariya, har da Fasinja, amma ita tata dariyar ba ta daɗewa.

Ana nan sai wata safiya 'yar yayar ta bugo, ba wasa a muryarta. Jikin tsohuwa ya yi tsanani, ta daina cin abinci, ido ya daina gani sosai, kuma sunan ƙanwarta take ta kira. Fasinja ta ajiye wayar a cinya, ta daɗe tana kallon keken ɗinkin da aka lulluɓe da tsohon zane.

"Malam," ta ce, "wannan karon kada ka ce min tanki."

Bai ce ba. Ya ce a ba shi zuwa ƙarshen mako, ya sallami iyayen yara, su kama hanya. Washegari kuwa, yana hawa tudun da ke gaban asibiti da yara cike a baya, motar ta fara shessheƙa, ta yi tari, ta ja kamar za ta ci gaba, sannan ta mutu murus. Ya murɗa makulli har batir ya fara rauni. Masu wucewa suka tura ta gefe, ya tare wa yaran wata mota, ya bi wadda ta ja tasa zuwa gareji.

Bakaniken garejin shi ke duba motar tun uban bakaniken na da rai yana riƙe da garejin, ya san ta ciki da bai. Ya ɗaga kujerar baya, ya kwance murfin da ke ƙarƙashi, ya zaro famfon mai baƙi ƙirin, ya girgiza shi, ya ajiye a kan tsumma. Ya haska cikin tankin da fitila, ya yi tsaki a hankali.

"Baba, famfo ya ƙone. Filta ta toshe, nozul duka sun sha datti, tiyon ma ya bushe yana tsagewa. Tankin kuma tsatsa ta cinye samansa, ya zama kamar takarda."

"Nawa duka?"

Da bakaniken ya faɗa, Baba Ɗiga ya waiwaya ya nemi tsohuwar taya ya zauna.

"Kai ɗan nan, motar zan saya ko gyara ta zan yi?"

"Wallahi Baba, kusan duk ɗaya ne. Mota takan tsufa ta faɗi, amma kayanta hawa suke yi, don an daina yin su. Wanda ke da su a shago ya san ba ka da wurin zuwa."

"To me ya ƙona famfon? Ban taɓa zuba mata man bakin titi ba."

Bakaniken ya goge hannu, ya ƙi haɗa ido da shi.

"Shi famfon nan a cikin mai yake zaune, Baba, man ne ke sanyaya shi. Idan tanki na ƙasa kullum, a bushe yake aiki, yana tsotsar dattin gindi. Saman tankin kuma tunda mai ba ya taɓa shi, sai gumi ya taru a wurin ya zama tsatsa."

"Wato ni na kashe ta."

"Ban ce haka ba, Baba."

"Ka ce mana. Ai da kunne na ji."

Ya zauna yana kallon famfon a kan tsumma. Abin da ya yi masa ciwo ba kuɗin ba ne kaɗai. Duk tsawon shekarun nan yana ganin kansa mai dabara, yana yi wa masu cika tanki kallon wawaye, ashe ɗan abin nan na can cikin duhu yana aiki da ƙishirwa bai taɓa yin ƙara ba. Tunaninsa ya tafi gida, wurin wadda ke zaune a bakin taga, ya yi sauri ya dawo da shi don ba zai iya jurewa ba.

Babban ɗansa, wanda ke gadi a wani kamfani, ya zo da yamma da shawarar da ba ta da aibu. A sayar da motar ga masu sayen ƙarafa, a ɗauki shatar wata ta kai Inna ta dawo da ita.

"Idan an dawo kuma in ci me?" in ji uban. "Kai za ka riƙe ni da albashin gadi?"

Gaskiya ya faɗa, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa a bayan sitiyari, ya yi wa matarsa alkawari tun gashinsa na baƙi, ba zai iya zama a kujerar gefe wani yaro na tuƙa ta zuwa wurin yayarta ba. Girman kai ne, kuma girman kan nan ya ci kwanakin da ba nasa ba.

Kwanon rufin ya sayar. Mai sayen ya zo da kura, ya ɗaga su ɗaya-ɗaya yana neman tabo don ya rage farashi, Baba Ɗiga na tsaye ya juya wa abin baya yana kallon bangon da ba zai ga inuwa ba. Daga nan ya shiga layin masu sayar da kayan mota, shago bayan shago, da mataccen famfon a leda yana nunawa. Wannan ya ce babu, wancan ya ce akwai amma sai an aiko, wani ya fito da wanda bai yi kama ba ya rantse shi ne. Kullum ya dawo gida sai ya tarar da jakar Fasinja a ɗaure a bakin ƙofa, takalmanta a kai. Ba ta taɓa tambayarsa yaushe ba. Da ta tambaya ma da ya fi masa sauƙi.

A ƙarshe ya haɗa famfo na hannu mai ɗan rai, sabuwar filta da tiyo, aka wanke nozul aka canza waɗanda suka ƙi. Tanki ne ya gagara, don kuɗinsa kaɗai zai cinye na man tafiya. Bakaniken ya wanke tsohon, ya mayar, ya tayar da motar ta ɗauka lafiya lau, sannan ya dafa ƙofa ya sunkuyo.

"Baba, ka ji ni da kyau. Ƙasan tankin nan garau yake, amma daga rabi zuwa sama ban yarda da shi ba. Kada ka wuce rabi. Ka sha a hanya, ka ƙara a hanya."

"Ni kake gaya wa kada in wuce rabi?" in ji Baba Ɗiga. "Ni da ban san kalar kwata ba?"

Duk garejin aka kwashe da dariya, har da shi.

Da sassafe suka shirya. Ya shimfiɗa mata bargo a kujerar baya, ya jera matasai, shi da ɗansa suka tallafo ta suka zaunar. Ta sa kayan da ta ɗinka wa kanta tun tana iya taka keke, waɗanda ta ajiye ba ta taɓa sawa ba, har layin ninki na nan a jikinsu. Ya ja motar zuwa gidan man bakin kasuwa, ya tsaya inda ya saba, ya sauke gilashi. Mai ba da mai, wanda ya san shi shekara da shekaru, ya matso da bututu yana hamma.

"Baba, a ɗiga?"

Ya ɗaga ido zai amsa sai ya gan ta a madubi. Ta rungume jakarta a ƙirji, tana kallon waje, ta riga ta san abin da zai ce, kuma ta riga ta yafe. Wannan yafiyar ce ta soke shi. Maganar bakanike, da tsatsa, da rabi, duk suka fice daga kansa kamar ba a taɓa faɗa ba.

"Cika shi," ya ce.

"Na'am?"

"Cewa na yi ka cika shi. Har baki."

Mai ba da mai ya kira abokin aikinsa ya zo ya zama shaida. Lambobi suka fara gudu, Baba Ɗiga na kallon allurar gejin tana tashi daga inda ta kwanta, ta wuce kwata, ta wuce rabi, tana rawa kamar ba ta san hanyar ba. Ya waiwaya ya kalli Fasinja, ita ma ta kalle shi, ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Bai taɓa jin daɗi irin na wannan ɗan lokacin ba.

Wari ne ya fara zuwa. Sai wata mai talla ta ƙwala ihu tana nuna ƙarƙashin motar. Fetur ne ke zuba, ba ɗigo ba, tsiyaya yake ta kowane gefen tanki, yana bin siminti yana neman kwatami.

"Kada ka tayar! Baba, kada ka taɓa makullin nan!"

Wuri ya hargitse. Wani ya kashe injin mai, wani ya rugo da bokitin yashi, ana korar masu babura. Baba Ɗiga ya buɗe ƙofar baya, ya sunkuci matarsa shi kaɗai, ƙarfin da bai san yana da shi ba, ya kai ta benci can nesa ya ajiye. Sannan ya koma ya kwanta a ƙasa ya shige ƙarƙashin motar, yana toshe ramuka da tafin hannu, man na bin hannunsa zuwa hammata, zuwa ƙirji, yana shiga masa ido. Ya toshe nan ya ɓalle can. Da ƙyar aka jawo shi ta ƙafa, dattijo guda, jiƙe sharkaf, yana kallon kuɗin kwanon rufinsa na malala a cikin yashi.

Aka tura motar gefe, aka kira bakaniken. Ya zo a kan babur, ya duba, bai ce na gaya maka ba, Allah ya saka masa. Ya zuƙe abin da ya saura sama da rabi ya juye a jarka, ya wanke ƙarƙashin motar da ruwa da sabulu, ya buɗe ƙofofi ta sha iska. Kafin a gama duk wannan rana ta take.

Baba Ɗiga ya je ya tsuguna a gaban bencin, ya kasa ɗaga kai.

"Fasinja, na zubar. An gaya min, na manta. Abin da ya rage ban san ko zai kai mu ya dawo da mu ba."

"Ni na ce maka dawowa nake tambaya?" ta ce. "Tashi, Malam. Kai da ka yi shekaru kana kai mutane inda za su da ɗigo, yau ne za ka kasa? Ka ɗiga mata mu tafi."

Haka suka yi tafiyar, gilasai a sauke saboda wari, hannun ɗagawar na ajiye a gaba ba mai nemansa. Duk gangarar da ya samu ya zare giya, duk gidan man da allura ta nuna ya tsaya ya faɗi kalmar da ya saba, amma yau da ƙyar take fita. Ya tsaya mata ta miƙe ƙafa, ya ba ta ruwa, ya gyara mata matashi. Duk lokacin da wayarta ta yi ƙara sai hannunsa ya ƙanƙame sitiyari, har sai ya ji ta ce, "Muna hanya, ku ce mata muna hanya."

Sai da dare ya yi suka isa. 'Yar yayar ta fito da gudu, suka tallafi Fasinja zuwa ɗaki, shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa, don kunyar warin da ke jikinsa. Daga nan yana hango gadon. Matar da ke cika waya da tsiya ta koma ɗan ƙulli a ƙarƙashin zane. Fasinja ta zauna a gefenta, ta kama hannun, ta ce, "Yaya, ni ce."

Hannun ya bi fuskarta a hankali, goshi, hanci, haɓa, ya tsaya. Can tsohuwar ta ja numfashi, ta ɗan yamutsa hanci.

"Wa ke warin fetur haka?"

"Mijina ne, Yaya. Shi ya kawo ni."

"Mai ɗigo?" Muryar kamar daga wani ɗakin take fitowa. "Ashe tankin ya cika?"

Baba Ɗiga ya buɗe baki zai faɗi yadda aka yi, Fasinja ta riga shi.

"Ya cika shi, Yaya. Ya cika shi har ya zuba."

Tsohuwar ta yi wani ɗan sauti, dariya ce, iyakar wadda ƙirjinta ya iya. Ba ta saki hannun ƙanwarta ba. Shi kuwa ya ja da baya, ya fita wurin motar, ya buɗe ƙofa ya zauna a bayan sitiyari ba tare da ya sa makulli ba. Ya kifa goshi a kan hannayensa masu warin mai, ya yi kukan da bai yi ba tun ranar da aka karɓe masa makulli yana saurayi, kuma wannan karon bai rage komai ba.